Wuƙar Uban Iorwuese

Wuƙar uban Iorwuese ta yi kaifi, abin da ya ɓaci ke nan. Ba ta karye ba, ba ta ɓace ba, ba wanda ya sace ta. Kaifi kawai ta yi. Har yanzu in an taɓo zancen a kasuwar Lafia sai a waiwayo a dube ni, ni kuwa ban ga abin kallo ba. An kawo wa mahauci wuƙa, ta bar hannunsa tana yanka. Me ake so ta yi, rawa?

Ni ne Babandi mahauci. Fawa na gada, ita nake yi. Rubutun nan ma da gemuna na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa. Iorwuese kuwa Batibi ne, manomin doya a wajen Adogi. Awaki ne suka haɗa mu, shi ya kiwata, ni in yanka. Gidana ba na kulle ba ne, kuma mun daɗe tare, har ya zama in ya shigo gari ba ya tsayawa a zaure. Sallama yake yi ya wuce tsakar gida, matata Barira ta ba shi kunu.

Ran da abin ya faro, wajen ƙarshen damina ne, da hantsi. Ya shigo da wani abu a naɗe cikin tsumma, ya rungume shi kamar jariri. Ko gaisuwa bai gama ba.

"Babandi, na mutu."

"Ka mutu, ka tako tun daga Adogi? Zauna ka sha kunu tukuna, sai mu ga gawar."

Bai sha ba. Ya warware tsumman, sai ga wuƙa a cikin kube na fata, fatar ta yi funfuna. Na ja ƙotar, ta ƙi fita. Na sake ja da ƙarfi, kamar an dasa ta.

"Wuƙan babana ne," in ji shi. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ana ganewa. "Na soke shi a jinkan ɗaki. Ban sani ba ruwa yana zuba a wurin."

Ga yadda abin yake a gidansu. Duk shekara in sabuwar doya ta fito, 'ya'yan marigayin da matansu sukan taru a yanka akuya. Wanda wuƙar tsohon take hannunsa shi ke raba nama, kuma shi ke faɗin wanda zai noma wane gefe na gonar gado a shekara mai zuwa. Tsohon kafin ya mutu Iorwuese ya ba, ya tsallake babban ɗansa Ugondo, don a lokacin Ugondo ya tafi aikin reluwe ya bar gona. Ugondo ya dawo, kuma tun da ya dawo yake neman dalili.

"In ya ga tsatsa, zai ce a gaban mama na bar babanmu ya ruɓe. Zai karɓe wuƙa. Ni kuma zai tura ni gefen dutse, inda doya ba ya yi."

"Yaushe ne taron?"

"Kasuwa mai zuwa."

"To bar ta nan, ka tafi harkarka. Gobe ka dawo."

Ya tsaya yana kallona kamar wanda zai bar ɗansa wurin wanzami. Na kore shi.

Aikin cire tsatsa ba wani asiri ba ne, duk kayansa suna madafa. Wahalar ɗaya ce, madafar tana da mai ita.

Na fara da fitila. Na tsiyayo kananzir na ɗiga a bakin kuben, na ajiye a rana ya ratsa, sannan na riƙa girgiza ƙotar a hankali, hagu, dama, har ta saki. Da ta fito sai da na yi salati. Ja wur take kamar ƙasar bakin hanya, wani wurin tsatsar ta yi ɓawo.

"Maigida, kananzir ɗin da za mu kunna ne ka ba wa ƙarfe ya sha?" in ji Barira.

"Ɗan kaɗan ne. Ina lemun tsamin nan?"

"Na miya ne."

"Miya ta yi haƙuri."

Na raba lemun biyu. Na nemi gishiri, ta ce babu. Na san akwai, don gwaggonta ta kawo mata gishirin garin Awe a ƙunshin ganye, tana ɓoye da shi a bayan tukunyar ruwa kamar zinariya. Na ɗauko. Ta biyo ni da muciya a hannu.

"Wannan gishirin ko baƙo ba kowanne nake sa wa ba!"

"Wannan baƙuwar ta girme ki, ta girme ni."

Na dangwala lemun a gishiri na yi ta goga. Ruwan da ke sauka ja ne, sai ya koma baƙi. Tsatsar sama ta tafi, ta ƙasa ta ce tana nan. Sai na hango tsamiyar da Barira ta jiƙa don kunun gobe. Ta ga inda idona ya tafi, ta je ta tsaya a gaban ƙwaryar.

"Wallahi sai dai ka jiƙa ni."

Sai da na yi mata alkawarin ƙafar saniya da ɓargo kafin ta matsa. Na tace ruwan tsamiyar a gora mai dogon wuya, na tsoma ruwan wuƙar a ciki, ƙotar tana waje. Wannan shi ne abin da mutane ba su sani ba. Ka jiƙa ƙota, icen ya kumbura, ya bushe, ya tsage, ka gyara ƙarfe ka kashe mariƙi.

Bayan la'asar na zaro ta. Ɓawon ya yi laushi. Na ɗebo toka a murhu, na yayyafa ruwa, na sa soso na dirje. Inda ya yi taurin kai na kankare da tsingaron tukunya. Na wanke, na share da tsumma, na shanya ta a rana ta bushe sarai, don ƙarfe in ka bar masa laima kafin gari ya waye ya koma gidan jiya. Sannan na shafe ta da man gyaɗa.

Wuƙa ce ta gaske. Ƙirar da ce, irin wadda ba a yi yanzu, bayanta da kauri, cikinta ya ɗan lanƙwasa. Har Barira da ke fushi sai da ta leƙo ta duba haƙoranta a ciki.

Amma tana da aibi biyu. Na ɗaya, a dakushe take, ko kabewa ba za ta yanka ba sai da roƙo. Na biyu, a tsakiyar bakinta akwai giɓi, kamar na yaro mai famfara. Wuƙa mai giɓi ba ta yanka nama, yaga shi take yi. Ni kuwa dutsen washina yana nan gindin bango inda yake kullum. Ba wanda ya ce in wasa, gaskiya ne. Ba kuma wanda ya ce kada in wasa. Na zauna na ci bakin nan a kan dutse har giɓin ya tafi, sannan na fitar mata da kaifi. Na gwada a gashin hannuna, ya zube.

Washegari Iorwuese ya dawo. Da ya gan ta sai ya buɗe baki, ya yi wata magana da yarensu, ya kama hannuna biyu yana girgizawa. Ya ɗauke ta. Sai na ga ya ɗora babban yatsansa a kan kaifin zai ja. Na cafke wuyan hannunsa.

"Kai! Yatsan ya ishe ka ne?"

"Ina neman giɓi ne."

"Babu shi. Na gyara."

Ya dube ni. Ya dubi wuƙar. Ya juya ta, ya duba ɗaya gefen, ko giɓin ya ɓuya a can. Sannan ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

"Babandi, ka kashe ni na biyu."

Ashe giɓin nan shi ne wuƙar. Wai ƙahon ɓauna ne ya yi shi, zamanin da tsohon ke farauta. Tun suna yara uban yakan kama yatsan kowannensu ya bi da shi kan bakin wuƙar har ya faɗa giɓin, ya ce da haka za su gane ta ko a ina. Ba ta taɓa yanka kowa ba, don ba ta taɓa yin kaifi ba. Kuma ba ta taɓa yin fari ba, baƙa suka san ta.

"Ugondo zai ce na sayar da wuƙan baba na sayo na kanti. Gara tsatsa! Tsatsa laifi ne ƙarami. Mayar mini da giɓi."

"In mayar da me?"

"Ka buga a dutse."

"Ni? In ɗauki lafiyayyar wuƙa in fasa mata baki da gangan? Hannuna ba zai yi ba. Kuma tsatsa ta ci ta, ta sirance. Ka buga ta a dutse ta rabu biyu, sai ka kai wa Ugondo rabi ka riƙe rabi."

Ya sa kai cikin gwiwa. Barira ce ta yi magana daga bakin murhu.

"Giɓi dai ya tafi. Amma baƙi ai ba ya wuya a gidan nan. Ku ba ni ita."

Ta shafe ta da man kaɗanya, ta tura ɗanyen ice a wuta ya yi hayaƙi, ta riƙe ta a sama tana juyawa kamar mai ƙyafe kifi. Ta sharo kunkunniya daga rufin madafa ta murza mata, ta sake kangawa. Ina zaune ina kallon wahalata ta jiya tana komawa baƙa. Lemuna, gishirina, tsamiyata.

"Naka?" in ji Barira. Ashe a fili na faɗa.

Da ta gama, wuƙar ta koma tsohuwa. Daga nesa ba mai cewa an taɓa ta. Iorwuese ya ɗan farfaɗo. Ya ce zai riƙe ta a hannunsa, ya rufe tsakiyar da yatsunsa, ba zai ba kowa ba har a gama rabo ya mayar kube.

"Saura abu ɗaya," na ce. "Da yaya take yanka?"

Ya nuna mini. Ya dafe iska da hannun hagu, ya riƙa gurzawa da na dama, gaba, baya, yana nishi, yana cije leɓe. Ya ce rabon nama a gidansu yakan ɗauki lokacin da mata za su gama daka sakwara su huta, ana yi ana yi wa mai rabo dariya.

"To haka za ka yi. Ka gurza, ka yi nishi. Kada ka danna."

Na ba shi guntun nama ya gwada. Ya ɗora, ya ja sau ɗaya, naman ya rabu, wuƙar ta shige cikin faifan Barira.

"Na ce kada ka danna!"

"Ban danna ba! Shi ne ya tafi da kansa!"

Muka yi ta gwaji har ya iya shafa naman da ƙyar yana nishin ƙarya. Kafin ya tafi ya sa na yi masa alkawari: a wurin taro ba zan ce uffan a kan wuƙar ba, ko me na gani. Dama ni ke zuwa in yanka musu akuyar da wuƙata, don maƙwabtansu Fulani su ma su ci.

Ranar taro na hau keke na tafi Adogi. Na yanka, na feɗe, na ajiye musu naman a kan ganyen ayaba, na koma gindin mangwaro na zauna. Mata suna daka. Uwarsu Ngodoo tana kan 'yar kujera a bakin ɗakinta, tsohuwa ƙarama, idonta ya yi rauni amma kunnenta ras. Ugondo kuwa ƙato ne, da tsohuwar hular reluwe a kansa, ya zauna daf da naman ya harɗe hannu.

Iorwuese ya zaro wuƙa. Baƙa ƙirin. Ugondo ya miƙa wuya ya duba, bai ga tsatsa ba, ya koma ya jingina da fuskar wanda ya zo biki ya tarar an watse.

Aka fara rabo. Da farko Iorwuese ya yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya. Ya gurza, ya yi nishi, ya share gumi. Yara suka fara dariyar da suka saba. Amma mutum ba ya iya yi wa wuƙa mai kaifi ƙarya na dogon lokaci. Da ya zo kan cinya, wurin da jijiya take, hannunsa ya tuna wahalar shekarun baya, ya danna. Cinyar ta rabu kamar dafaffen rogo. Wuƙar ta wuce ganyen, ta shiga ƙasa.

Dariya ta tsaya. Har masu daka suka tsaya.

Ugondo ya miƙe. Da Hausa ya yi magana, don baƙi su ji su zama shaida.

"Wuƙan babanmu bai taɓa yanka cinya sau ɗaya ba."

"Akuyan ne yana da laushi," in ji Iorwuese.

"Akuyan ya girmi ɗana. Kawo."

"Ban gama rabo ba."

"Kawo, na ce!"

Ya fizge ta. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ya ce yau zai nuna wa uwarsu abin da ƙanensa ya yi. Ya ce in wuƙar ubansu ce, ga inda giɓin yake, ko ido rufe zai same shi. Kuma ya rufe idon. Ya ɗora babban yatsansa na dama a gindin kaifin.

Na buɗe baki. Na tuna alkawari. Na dubi Iorwuese, shi ma bakinsa a buɗe. Na ce alkawarin banza, na ɗaga murya, "Kai, Ugon..."

Ya riga ya ja. Da ƙarfi ya ja, irin jan mai neman gaskiya.

Ƙarar da ya yi sai da kajin gidan suka watse. Ya yar da wuƙar, ya kama yatsa yana tsalle da ƙafa ɗaya, ban san me ya haɗa ƙafar da abin ba. Hular reluwe ta faɗi cikin kayan ciki. Yatsan bai fita ba, amma ya buɗe tun daga gaɓa har kusa da farce. Ni na san yanka, wannan yanka ne mai kyau, ba yaga ko kaɗan.

Mata suka kawo ganye suka matse, aka ɗaure da tsumma. Ngodoo ba ta motsa daga kujerarta ba. Ta ce a miƙo mata wuƙar. Aka miƙa, kowa yana cewa ta yi hankali. Ba ta taɓa bakin ba. Ƙotar ta kama, ta murza ta a tafinta, ta lalubo inda hannun mijinta ya cinye icen ya yi kwari. Sannan ta kai hanci ta sunsuna.

"Nasa ne," ta ce. "Amma ya yi wanka. Da lemu. Ya shafa man kaɗe kamar amarya. Wa ya yi masa?"

Ni kuwa ba na aiki in ɓuya.

"Ni ne, Mama. Tsatsa ta kama ta, na cire. Na ga giɓi, na gyara."

"Wa ya ce ka gyara?"

"Ba kowa. Wuƙa ce, ni mahauci ne."

Ta juyo wajen da muryata ta fito. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take yi, ba haƙori, har da hawaye. Ta faɗi wani abu da yarensu, matan duk suka kwashe. Daga baya aka fassara mini: wai shekara da shekaru tana roƙon mijinta ya wasa abin nan ya ƙi, sai da ya mutu aka samu mai kunnen ƙashi irinsa.

Ugondo bai yi dariya ba. Ya ce a gaban kowa an ji, tsatsa ta kama ta, ƙanensa bai iya riƙo ba. Tsohuwar ta miƙa masa wuƙar, ƙota gaba.

"To karɓi. Ka gama mana rabo."

Ya dubi wuƙar. Ya dubi tsumman da ke hannunsa, jini ya riga ya huda shi. Ya ja da baya.

"Wannan wuƙa bai san ni ba. Ba na so."

"Kun ji da kunnenku," in ji ta. Ta juya wajen Iorwuese, wanda ya fara murmushi tun lokacin bai yi ba. "Wuƙa yana wurinka. Kai za ka raba nama, kai za ka raba gona. Amma kai ka bar ruwa ya zuba a kansa, kai ka kai shi gari, kai ka shafa masa baƙi don ka rufe idon ɗan'uwanka. Ga lokacin huɗa ya zo. Da wane hannu Ugondo zai riƙe garma?"

Murmushin ya tafi.

Haka aka yi. Iorwuese ya riƙe wuƙar ubansa, ya kuma riƙe gefen gona mai kyau. Amma huɗar doyar Ugondo ta shekarar, tun daga bakin rafi har gindin dutse, shi ya yi ta da bayansa, kafin ya taɓa tasa. Ugondo yakan zo da kujera ya zauna a inuwa, ya ɗaga yatsan sama kamar tuta, yana nuna inda ba a tara ƙasa sosai ba. Yatsan ya warke tun ana tsakiyar aiki, kowa ya sani. Tsumman dai bai sauka ba sai ran da aka gama, kuma kullum ƙara girma yake yi.

Da Iorwuese ya sake shigowa Lafia, a sunkuye ya shigo, yana dafe da ƙugu, sai da Barira ta gasa masa bayan da ruwan zafi kafin ya iya zama ya sha kunu.